Motar Baba Ba Ta Shiga Inji

A wurin wankin mota, wani direban tasi yana jiran famfo. Wani magidanci ya tare wurin da bokiti biyu, yana goge wata tsohuwar mota da tsumma.

"Malam, ga inji can babu kowa," in ji direban. "Ka shigar da ita mana, mu ma mu samu ruwa."

"Yi haƙuri. Burushin injin zai karce fentin, tun na kamfani ne. Robar gilashin ma ta bushe, ruwa zai shiga ciki."

"To ka ba ma'aikatan wurin."

"Bokiti ɗaya suke amfani da shi. Yashin da suka ɗebo a taya, shi za su goga mata a jiki."

"Duk wannan wahala a kan motar da ta girme ka?"

"Ba tawa ba ce. Ta wancan dattijon ce da ke zaune a gaba. Mahaifina ne."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Tun ɗazu idonsa na kan hannunka."

"Amin. Shi ya koya mini wankin, daga sama zuwa ƙasa, taya a ƙarshe. Yanzu ya daina gane mu, har mahaifiyarmu. Motar kawai yake ganewa."

"Kai ɗin ma?"

"Ya ɗauka ma'aikacin wurin nan ne ni. In na gama sai ya ce, sannu, ka iya aiki." Ya matse tsumman. "Lokacin da yake gane ni, bai taɓa faɗa ba."

Direban ya janye bokitinsa daga bakin famfon.

"Yi a hankali, Malam. Ba sauri nake ba."