Maƙabartar Gungun Tsamiya

A bakin ruwan Yelwa, Malam Philip, shugaban 'yan sikawut, ya tari wani tsoho mai jirgin ruwa.

"Baba, yara ashirin za ka kai mana Gungun Tsamiya hutun sanyin nan. Su kwana a tanti, su share maƙabarta."

"Da mi za su share ta, da taru? Tun da aka datse kogi a Kainji ruwa ya cinye ta."

"An ce tudun bai nutse ba."

"Sai da bazara kan tsamiyar ke leƙowa. Wa gare ka can, ɗana?"

Malam ya daɗe yana kallon ruwa.

"Inna. Ban taɓa ganin kabarinta ba."

"Kawo yaran, in tsai da jirgi daidai wurin. Nawa ma haka nika gaishe su."