Ƙofar Ɗakin Gwaji Ba Ta Masu Ji Kaɗai Ba Ce

Mai girma shugaban taro, masu girma 'yan majalisar gudanarwa ta wannan jami'a, shugabannin sassa, abokan aikina malamai da masu kula da ɗakunan gwaji, iyayenmu da suka baro sana'o'insu suka zo, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan har wasunku na leƙe ta taga, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni dama in yi magana, ina kuma godiya ga waɗanda suka so a hana ni, domin su ne suka sa na shirya da kyau.

An tara mu yau ne a kan doka guda da ake neman amincewarmu. Dokar ta ce duk ɗalibin da ke da nakasar ji, ko ta gani, ko ta tafiya, a mayar da shi wani sashe da babu aikin ɗakin gwaji, wai domin kare lafiyarsa. Ni malamar ilimin sinadarai ce, a tsakanin kwalabe da murhun gas na yi furfura, kuma na tashi ne in ce ban yarda ba, ba zan yarda ba, ko da ni kaɗai zan rage a kan wannan ra'ayi.

Na farko, mu daina ɓoye-ɓoye. Kowa a nan ya san saboda wa aka rubuta dokar. Ɗalibata ce, wadda abokanta ke kira 'Yar Tambaya, ga ta can zaune kusa da mahaifiyarta, tana karanta leɓena. Sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Ta ci jarrabawar shiga kamar kowa, aka ɗauke ta kamar kowa. Ranar da za a fara aikin gwaji, jami'in kula da lafiyar ɗakin ya tare ta a ƙofa, ya ce in gobara ta tashi ba za ta ji ƙararrawa ba. Na ce masa, “To, ai sai a sa fitila mai walƙiya kusa da ƙararrawar.” Ya ce, “Malama, ba a taɓa yi ba.” Na kai maganar sama, aka ce ana dubawa. Zango guda ana dubawa. Zango guda yarinyar nan tana zuwa da farar rigarta a goge, ta tsaya a baranda, ta kafa goshi jikin gilashin taga, tana kallon 'yan ajinsu na auna ruwan sinadari, tana rubuta abin da idonta ya iya hangowa.

Wata rana mahaifiyarta ta same ni a ofis. Tela ce, ita ta ɗinka farar rigar da hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malama, a gida ita ke kunna mana gas, ita ke girki, ba ta taɓa ƙona ko tsumma ba. Wutar makaranta daban ce da ta gida?” Washegari na sayi fitilar, na sa aka haɗa ta, na buɗe ƙofa na ce yarinyar ta shigo. An kira ni gaban kwamiti, an ja mini kunne, kuma ga abin da ya biyo baya: maimakon a gyara ɗaki, sai aka rubuto dokar da za ta kori mutum.

Na biyu, maganar kare lafiya. Wa ya fi ni son lafiyar ɗalibai? Na sha wanke idon yaro da ruwa, na sha kashe wutar da ta kama hannun riga, kuma duk waɗanda abin ya faru da su kunnuwansu garau suke. Sun ji gargaɗi sarai, hira ce ta ɗauke musu hankali. In lafiya muke nema, akwai fitila, akwai tebur da ake sauke tsayinsa don mai keken guragu, akwai ma'auni mai faɗin lamba da murya don wanda ba ya gani. Wanda ya bar duk wannan ya zaɓi rufe ƙofa, ba lafiyar ɗalibi yake karewa ba, hutun kansa yake karewa.

Na uku, kuma a nan nake roƙon abokaina masu bincike su saurara. Sashenmu ya daɗe yana ƙera wata 'yar na'ura ta gwada ruwan rijiya, wadda ke yin ƙara in ruwan ya gurɓace. Mun yi alfahari da ita ƙwarai. Da na nuna wa aji, sai 'Yar Tambaya ta miƙo hannu ta karɓa, ta juya ta, ta tsoma a ruwan, ta jira. Sannan ta ɗauki alli ta rubuta a allo: “Malama, in ni ce na je ɗiban ruwan fa?” Mu duka da muka ƙera na'urar masu ji ne, shi ya sa babu wanda tambayar ta faɗo wa a rai. Ba rashin ilimi ba ne, rashin wanda ya bambanta da mu a ɗakin ne. Duk mutumin da muka hana shiga, da tambayarsa yake tafiya, kuma kimiyya da tambaya take rayuwa.

Amma kada a fahimce ni a baibai. Ba zan ce muku ta fi kowa hazaƙa ba. Tana fasa kwalba kamar kowa, lissafinta na karkacewa wani lokaci, makon jiya ma na mayar mata da aikinta ta sake. Ba sai ta zama abin al'ajabi za ta cancanci kujera ba. Mun taɓa tambayar mai ji ya nuna mana mu'ujiza kafin mu bar shi ya kunna murhu? In yau aka ce kurma, gobe za a ce mai juna biyu, jibi a ce wanda ya fito daga makarantar ƙauye harshensa na sarƙewa. Wanda ya koyi rufe ƙofa ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya.

Saboda haka ina kira ga majalisa ta yi watsi da wannan doka, ta ba da umarni a gyara ɗakunan gwaji, ta kuma zauna da ɗaliban da abin ya shafa kafin a sake yanke wani hukunci a kansu. In kuma an ƙi, to ina sanar da ku a bainar jama'a, don kada a ce na yi a ɓoye: ranar Litinin akwai aikin gwaji, sunanta na cikin masu yi, kuma duk wanda aka aiko ya fitar da ita, ni zai fara tararwa a ƙofa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba iyayen nan ladan wahalarsu, ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin ilimi, masu ji da marasa ji, masu gani da marasa gani. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.