Mutum-mutumi a Ɗaure

A bencin tashar mota, wata dattijuwa ta kasa ɗauke ido daga mutumin da ke gefenta, mai furfura da tabarau, riƙe da igiya. Wani mutum-mutumi mai taya ne a ɗaure, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, sai fizga yake yi.

"Malam, yana cizo ne?"

"A'a, Hajiya, bincikena ne na jami'a. Burina kafin in mutu in ƙera na'urar da za ta san inda take da inda za ta, ba sai an nuna mata ba. Wannan ya yi ta bin bayana har ya haddace gari."

"To ɗaurin na mene ne?"

"Haddar ce ta yi yawa. Da na sake shi sai ya miƙe ƙofar gidan tsohuwar matata, ya tsaya jim, ya juyo bai ƙwanƙwasa ba."

"Ikon Allah! Wa ya koya masa wannan?"

Malam ya gyara tabarau. "Ana kan bincike."

"Ita ta taɓa ganinsa?"

"Jiya ta fito ta shigar da shi, ta goge masa jiki, har ta sa masa caji."

"Kai kana ina?"

"Bayan bishiya. Mai bincike ba ya shiga cikin gwaji."

Dattijuwar ta dubi abin yana ta fizga, ta dubi mai shi.

"Malam, riƙe igiyar nan da kyau," ta ce. "Amma ka daina ja. Yau kai za ka bi bayansa."