Malama Murjanatu Dikko, Mai Koyar da Launukan Magana

Da sunan Allah Mai rahama. Shugaban ƙungiyarmu ta mazauna Dubai, Alhaji Sanda, limaminmu Malam Idris, maigidan marigayiya, Alhaji Salmanu, 'yarta kuma 'yarmu Maimunatu, ɗalibai da 'yan uwa, assalamu alaikum. Ni ce Safiya, ajina na jikin nata a makarantar koyon Turanci ta unguwar Port Saeed.

Ta kasance malama mai sauraro. Ɗalibanmu Larabawa ne, ma'aikata, a gajiye suke zuwa. Ita ta fara lura cewa ba nahawu ke kayar da su ba, launi ne. In Bature ya ce farar ƙarya ko baƙar rana, nan take sukan gane, don akwai irinsu a Larabci. Amma ya ce mutum ya yi kore don hassada, sai aji ya ruɗe. Wata 'yar Siriya ta ce mata, "Ustaza, kore ai albarka ne, me ya haɗa shi da hassada?" Murjanatu ba ta ce ta yi kuskure ba. Cewa ta yi, "Habibti, ƙaunatacciyata, faɗa mini naku, in faɗa miki nasu, sannan ki ji namu: mu a ciki muke ajiye fari da baƙi."

Ta kasance ba ta kunyata ɗalibi. Ɗalibinta Sharfuddeen, ma'aikacin jinya ɗan Sudan, ga shi can zaune. Wani tsohon Bature a asibitinsu ya ce masa "I feel blue", sai ya ruga ya ɗauko iskar numfashi, ya zaci jikin ne zai yi shuɗi don rashin iska. Abokan aiki suka yi ta dariya, har ya ce ya bar Turanci, khalas, shi ke nan. Ta ce masa, "Gudun da ka yi daidai ne. Kaɗaici ke damunsa. Gobe ja kujera ka zauna." Ya zauna kuwa, har aka sallami tsohon.

Da korona ta kwantar da ita, aka hana mu shiga, Allah Ya sa a sashen Sharfuddeen take a asibitin. Shi ya riƙa kara mata waya a kunne, shi ya laƙƙana mata kalmar shahada.

Alhaji Salmanu, mun san abin da ke cin ranka shi ne ba ka kusa. Ba ta tafi ita kaɗai ba. Maimunatu, ta ji muryarki ranar, ta yi murmushi; wanda ya gani ne ya shaida mana. Ƙofofinmu a unguwar Muraqqabat naki ne, ki shigo ba sai kin ƙwanƙwasa ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Murjanatu, Ya haskaka kabarinta, Ya ba mu haƙurin wuce ƙofar ajinta gobe da safe. Amin.