Kafin mai allura ya taɓa idon Hadiza

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni Rabi ce daga Karakkai, ƙaramar hukumar Bungudu. Hankalina a tashe yake.

Ɗiyata Hadiza shekararta huɗu. Bara na ga fari-fari a ƙwayar idonta na dama, yanzu har tuntuɓe take yi da turmi. Na kai ta asibiti a Gusau. Likita ya ce akwai wani ɗan abu kamar gilashi a cikin idon kowa, nata ne ya yi kauri ya dushe. Ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu. Na ce Babana da ƙanensa. Ni da maigidana kuma ɗiyan wa da ƙane ne. Ya ce gado ne, amma aiki zai gyara in ba a makara ba.

Surukata, Inna, ta ce ba za a yanka mata jika ba. Ta aika wa mai cire yanar ido da allura, wanda ke zuwa kasuwar Mada, zai zo ranar Asabar. Malam, mutumin nan shi ya soki idon Babana. Wata biyu ya yi yana gani, daga nan duhu har ya rasu.

Maigidana direba ne, yana hanyar Ikko. Masu sauraro, yaya zan yi ban saɓa wa Inna ba? Ba ta barin shirin nan ya wuce ta. Don Allah Malam ka karanta wasiƙar nan kafin Asabar.

Inna, ki yafe mini. Ni na riƙe wa Baba sanda shekara tara.