Yadda Na Zama Ɗan'uwan Kowace Gawa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ne Baba Ladi. Karatuna bai wuce aji biyu ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Lokacin da gwamnati ta ce za ta gyara ƙasa, da ni aka fara gyaran. Aka rage mu daga aikin jirgin ƙasa, aka karɓe gidanmu na kwatas, maganin asibiti na kyauta ya zama na saye. Muka koma ɗaki ɗaya bayan kasuwar Kafanchan, yara na kwana da ruwan koko a ciki.

Zumuntar matan coci suka aiko mana da masara. Na mayar! Wai ni ma'aikacin jirgi ne, ba na cin sadaka.

To me na koma ci? Abincin makoki. Ina da tsohon kwat mai manyan aljihu. Duk inda aka yi rasuwa, Kagoro ko Manchok, ina benci na gaba, kukana ya fi na masu gawa. In ci, in cika aljihu da nama, in ce wa yara abokai ne suka ba ni.

Ran nan a Manchok na miƙa kwano, sai na ga mai rabon tuwo matata ce. Zumunta ta kawo su taya girki.

Ta ce, "Baba Ladi, sannu da rashi. Wa ya rasu?"

Na ce, "Ai mutumin kirki ne, tare muka yi aiki."

Ta ce, "Tsohuwa ce. Riƙe kwanon da kyau, miya na zuba."

Ba ta tona ni ba, har nama ta ƙara mini. Wayyo, kunya! Na ajiye kwanon. Na zaga bayan coci na durƙusa, na ce, "Ubangiji, na ƙi abincin masu rai, ina satar na matattu. Ka cire mini girman kan nan."

Ya cire! Da ƙafata na je wurin shugabar zumunta na ce, "Mama, masarar nan tana nan?" Ta yi dariya ta ce, "Tana jiranka." Ita ta riƙe yarana har na yi girbin fari a gonar da wani dattijon coci ya ara mini.

Na gode wa Yesu. Wanda gyaran nan ya taɓa, kada ya ɓuya, ya dogara ga Ubangiji, ya karɓi hannun 'yan'uwa. Har yau ina zuwa makoki, amma da diga nake zuwa haƙa kabari, kuma sai na tambayi sunan mamaci tun daga ƙofa. Amin.