Kalangun Mahauta a Ƙofar Gidana

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ɗan kasuwa ne daga Lolo.

Samarinmu na shirya babban wasan waƙe-waƙe na murnar samun mulkin kai. Madalla. Amma da sunka rasa makaɗi, sai sunka ɗauko mai kalangun mahauta, suna gwaji a ƙofar gidana, inda bijimina ke ɗaure. To Malam, a garin nan in an ji wannan kiɗa, an yi yanka ke nan! Kullum ga tsofaffi da ƙwarya: "Alhaji, a sam mana na miya." Jiya Sarkin Fawa ya shafa tozon bijimin, ya ce, "Allah saka, ranar wasa muna tafe."

Wallahi ban yi wa kowa alkawari ba. In ƙetara da shi Dahome, ko in saya musu ganga? A ba ni shawara kafin Asabar, ranar wasan.